Na Sa Baba Mai Shaidata

Kuɗin motata tunkiya ce. Ku daina dariya, tunkiya ce mai baƙin kunne, Inna ta ba ƙanenta ya kai ta kasuwar Sabon Birni, abin da anka samu ta ƙulle min a tsumma. Kai Nura, aje wayar nan. Fom kunka zo in cika muku a shagon nan ko kallon kokawa? To ku saurara, kafin janareta ya huce.

Lokacin na gama difloma a Sakkwato, kaka ta wuce, gero ya shiga rumbu, na ce za ni Habuja neman aikin ofis. Baba bai hana ba. Shina gyaran igiyar jaki, ya ce wa jakin, ba ni ba: "In ruwan shuka ya sauka ba a samu ba, gona na nan." Kun san ni ne na fari a gidanmu. Tun da anka haife ni bai taɓa kiran sunana ba. "Wancan" nake. "Ina wancan?" "A ba wancan tuwo." Sharaɗi ke nan: ko in samu aiki kafin damina, ko in dawo Tsamaye in rungumi kwashen noma, diflomar ta kwanta a akwatin Inna.

Habuja anka ce, amma inda na sauka ita kanta Habujar ba ta san da shi ba. Mararaba. Na samu wuri a wani kafe, ba na shayi ba, na kwamfuta. In share, in tada janareta, in yi wa mutane hotokofi. Mai wurin, Madam muke ce mata, ta ce in babu kwastoma in hau kwamfutar lungu, wadda harafi ɗaya ya fita sai an danna da tsinke.

A nan na koyi shafukan neman aiki. Kowanne sai ya ce kawo sibi. Sibi kuwa takarda ce da mutum ke yabon kansa ba kunya. Sannan su ce sai mai ƙwarewar shekara biyar. Na rubuta cewa ina noma tun ina shekara bakwai, babu wanda ya amsa. Wani shafin ma ya taya ni murna, wai an ɗauke ni aiki a jirgin ruwa, in turo kuɗin riga. Ni da ban taɓa ƙetare gulbi ba sai da rani.

In na gaji da su sai in koma nawa shafukan. Na farko na kokawa ne, 'yan Nijar, inda mutum zai tsaya shina ɗaura layu rabin sa'a a kada shi a minti ɗaya. Na biyu na farashin hatsi, kasuwa-kasuwa, ina karanta shi kamar ina da buhu ɗari. Akwai kuma wanda ke nuna ƙasa daga sama. Wanga shi ya fi cin raina. Sai in ja hoton, in ja, har Tsamaye ta fito, in bi hanya da tsinkena har gonarmu, ga tsamiyar nan baƙa a tsakiya. In tsaya ina kallo kamar za a ɗago a gan ni. Na ƙarshe shi ne na hasashen ruwa. Shi kam ba don nishaɗi ba, don in san kwana nawa sunka rage min.

Ashe kwamfuta na da gulma. Duk inda ka shiga tana rubutawa. Rannan Madam ta buɗe.

"Sanusi, aiki kake nema ko kokawa?"

"Madam, hutawa nake."

"A lantarkina?"

"Ai janareta ne, kuma ni na tada shi."

"Wannan daji kuma da kake kallo kullum, mene ne a ciki?"

"Gidanmu ne."

Ta leƙa, ta ce ita ba ta ga gida ba. Na ce ai ba a nan gani yake ba. Ta yi tsaki ta tafi, amma ba ta hana ni ba.

A shafin hatsin nan na ga tallar, can ƙasa, inda ba kowa ke dubawa ba. Wani kamfanin sayen hatsi na neman mai kula da sito. Na tura sibi, kwana uku sunka kira ni intabiyu. Na ari kwat wurin maigadin layinmu, hannunta ya wuce nawa da taƙi guda. Wata mata mai gilashi ta karɓe ni, Hausarta irin ta bariki. Ba ta ko dubi takarduna ba, ta turo min kwano biyu na gero. Na shinshina, na tauna. Na ce wanga na bana ne, wancan ya shekara a rumbu, ƙwari sun fara shiga, kuma an yayyafa masa ruwa don ya yi nauyi. Ta cire gilashi ta dube ni. Ta ce saura abu ɗaya: mabuɗin sito ba a ba kowa, in rubuta mutum ɗaya da ya san halina ciki da waje, su kira shi.

To ku faɗa min, wa ya san halina ciki da waje? Na rubuta Baba.

Shekarar ce babu sabis a wajenmu, sai an hau tudun bayan gari an kamo na Nijar. Na aika wa Malam Isiya mai cajin waya, abokin Baba tun suna yara, cewa ranar Alhamis da hantsi za a kira. Na kwanta da murna, har na fara tunanin tunkiyar da za ni saya wa Inna.

Ranar Litinin saƙo ya shigo: mun gode, ba a dace ba. Na sake aron kwat na koma. Matar ba ta ɓoye min ba. Ta ce: "Mun tambayi mahaifinka ko ya san ka, ya ce akwai wani dai a gidan. Mutumin da ubansa ya kasa tsaya masa, yaya za mu ba shi mabuɗi?"

Wallahi raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa yi ba. Na dawo kafe na buɗe shafin ruwa, ga hadari an zana bisa Sabon Birni. Ban buɗe na gonar ba. Na yi wa Madam sallama, ta ba ni burodi biyu, ta ce in na je in gaida dajin.

Kwana biyu da isowata ruwa ya sauka. Munka fita shuka, Baba a gaba da sungumi shina sara, ni a baya ina zuba iri ina rufewa da ƙafa. Kwana uku muna haka. Na rantse ba ni tada masa maganar.

A na huɗu na kai waya caji. Malam Isiya ya ce in zauna.

Ya ce ranar Alhamis ɗin tun sassafe Baba ya sa rigarsa ta Juma'a sunka hau tudu. Tudun kuwa cike da mutane, kowa ya ɗaga waya sama. Da kiran ya shigo, ba a ji sai an buɗe murya, sai kowa ya yi tsit shina saurare. Matar ta ce: "Ka san Sanusi?" Baba ya dubi mutane, ya dubi ƙasa, ya ce akwai wani dai a gidan. "Yana da amana?" Ya ce Allah ne masani. "Yana da ƙoƙarin aiki?" Ya ce shina cin tuwo dai. Mutanen tudu kowa ya jinjina kai, an ce dattijo ya yi magana yadda ta kamata.

"Washegari sai ga shi," in ji Malam Isiya. "Ya miƙo min wayar, ya ce: Isiya, kira ta, kai ka faɗi, ni bakina ba ya iyawa. Ka ce wancan bai taɓa ɗaukar allurar wani ba. Ka ce mabuɗin rumbuna na hannunsa tun bai yi gemu ba, ko tiya ba ta taɓa ɓata ba."

Sunka hau tudu sunka kira. Sai wata murya ta na'ura da Turanci, wai a danna ɗaya, a danna biyu. Sunka danna duka, ta kashe. Washegari sunka koma. Kwana tara suna hawa, lokacin da ba kowa ke yarda ya fita bayan gari ba, kun san dalili, 'yan bindiga. Kullum da rigar Juma'a, wai ko za a ɗauka.

Na tashi na zagaya bayan shagon, babba da ni, na yi kuka. Kunya na ji, kuma na ji wani daɗi da aikin nan ba zai ba ni ba.

Ban taɓa tada masa maganar ba, shi ma haka. Damina shida munka ƙara yi tare, sannan na buɗe shagon nan. Har Allah ya karɓi abinsa bara bai kira sunana ba.

To, janareta ya huce. Nura, miƙo fom ɗinka in gani. Wurin mai shaida, wa ka rubuta? Babanka? Kai ne na fari gidanku?

To goge. Sa malaminku na makaranta. Shi kuma tsohon, in ka koma gida ka tarar da shi a gona, ka karɓi fartanyar hannunsa. Ba sai ka ce komai ba.