Reshen Magarya a Ɗakin Jira

A ɗakin jiran wani kamfani a Durban, Nokwanda na jiran ganawar neman aiki. Dattijon da ke kusa da ita yana riƙe da reshen magarya, irin wanda a al'adarsu ake ɗauko kurwar mamaci da shi.

"Baba, wa ka zo ɗauka?"

"Ƙanena, Mzwakhe. A da, nan coci ne. Lokacin faɗan jam'iyyu aka shigo da shi da harsashi a ƙirji, ya cika a ƙarƙashin taga mai hoton ɗan rago. Gawar muka kai gida, shi yana nan. Yanzu jikokina ba sa barci don mafarkinsa."

"To ka kira shi mana."

"A ina, 'yata? Sai a daidai inda ya cika. Sun sayar da kujerun, sun yi bene, sun yayyanka wurin ofis-ofis. Ni da aka yi wa baftisma a nan na kasa gane gabas, balle shi mamacin."

Nokwanda ta juyo gare shi. "Na hango hoton ƙafafun rago a tagar ɗakin da za a gana da ni."

"Za su bar ni in shiga?"

Ta dubi ƙofar, ta dubi takardunta. "Zan ce kai babana ne. In sun kore ni, shi ke nan."

Ya miƙe. "Wanda ya ɗauko mamaci ba ya magana da kowa sai ya isa gida. In na wuce ki shiru, kada ki ji haushi."

"In ka yi mini magana fa?"

"To, ni kaɗai na fito ke nan, ban samo shi ba."