Jiniyar Dam

Muna jiran mota ta cika, wani mai hular kwano sabuwa fil ya sanar da mu cewa shi ne jami'in kula da lafiyar dam. Wata mai noman albasa ta juyo.

"Ashe kai ne. Kun saki ruwa, ya tafi da albasata har da injin ban-ruwa."

"Inna, mun kunna jiniya. Ƙa'ida ke nan."

"Yallaɓai, duk zuwan manyan baƙi sai kun kunna musu ita su ji daɗi. Da muka ji ta, wanka muka yi muka fito tarba."

"Kuskurenku ne. Amma mun sayo sabuwa, ta fi ƙara."

"Ita sai za a saki ruwa za ta yi kuka?"

"Ƙwarai." Ya gyara hularsa. "Ban da jibi. Manya za su zo ƙaddamar da ita."