Jar Mota da Jar Hula

Hadari ya haɗu a tashar Tambuwal, motar Kebbe saura mutum ɗaya ta cika. Wani dattijo ya tsaya da buhunsa ya ƙi shiga. Malam Nasiruddeen, mai koyar da kimiyya a sakandare, ya leƙo ta taga, don ya san in ruwa ya sauka hanya ta lalace.

"Baba, shigo mu tafi mana."

"Jar mota cikin hadari? Tsawa ja taka bi, ɗana."

"Tsawa ba ta ganin launi, Baba. Lantarki ne ke taruwa cikin girgije, ya keta iska, ya ƙona ta har ta koma abin da muke kira filasma. Shi ne hasken da kake gani. Ko ta faɗo wa mota, jikin ƙarfen take bi ta sauka ƙasa. Abin da na karanta ke nan a jami'a, shi nika koyarwa."

"Madalla. To ɗazu da ka iso, ba da jar hulla na gan ka ba?"

Malam ya shafa kansa, ya ji iska. Hular tana ƙarƙashin cinyarsa tun walƙiyar farko.

"Baba, Inna ta riga jami'a shiga kaina. Muna yara, da an yi walƙiya take tuɓe mana jan kaya. Jarumtata a cikin aji take, inda akwai rufi."

"To maida ta bisa kai, sai in shiga."

Malam ya zaro hular, yana juya ta a hannu. Sama ta yi rugugi.

"Shigo dai, Baba. Motar na tsaya mata. Hular ce ban gama bincike a kanta ba."