Yadi Shidan da Ba a Ware Mani Ba

Salama gare ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwana. Ni ce Maman Iliya, mai zama bencin baya kusa da taga. Fasto minti biyar ya ba ni, amma kun san bakina, ku yi haƙuri.

Tun damina jikina ya canza. In daka gero kaɗan sai haki, dasashina na jini, cikina ya yi nauyi ta hagu. Baban Iliya ya baro wurin aikinshi a Kebbe ya kai ni asibiti Sakkwato, aka ɗebi jini, har allura aka soka mani a ƙashi. Ranar karɓar sakamako ya ce in zauna gida, hanya da wahala. Ya dawo da kwalin magani ya ce, "Ƙarancin jini ne, gobe ki fara sha." Amma takalminshi yake kallo, ba ni ba. Shekara ashirin da fuɗu muna tare, na san muryarshi in yana ɓoyo. Ban yi boko ba, ba ni karanta kwali, amma kunne Allah bai rage ni ba. Na jefa maganin cikin kwalla na rufe.

Sai baƙi suka fara zuwa. Wannan da fura, wannan da lemu, kowa na magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki. Har daɗi na ji, na ce ashe ana sona haka!

Da lokacin ankon Kirsimeti na zumuntar mata ya yi, na tafi gidan Saratu in karɓi atamfata, don ita ke rabawa. Saratu aminiyata ce, ita ta yi mani wankan jegon Iliya. Ina cire takalmi a bakin ƙofa na ji ta tana ce wa wata, "Ita ban ware mata ba. Sankarar jini ce fa, mijinta ya gaya mani. Wa ya san ko za ta kai Kirsimeti? Kada a yi asarar yadi shida."

'Yan'uwa, haka na ji sunan ciwona! Daga bayan labule, ina riƙe da takalmi ɗaya!

Ran Juma'a da maigida ya dawo na tare shi tsakar gida. Na ce, "Baban Iliya, mi ag gare ni?" Ya zauna kan turmi ya fashe da kuka, wai tsoro ya ji kada zuciyata ta karye, wai don addu'a ya gaya wa Saratu. Na ce, "Jinin nawa ne ko na Saratu? Duk Tambuwal an san mutuwata, sai ni?"

Sati uku ban taɓa maganin ba. Na ji ana cewa maganin sankara yana zubar da gashi, yana sa amai, wanda ya fara ba ya tashi. Kuma hannun da ya yi mani ƙarya shi ya kawo shi. Wa zan yarda da shi?

Wata Laraba da hantsi ina tankaɗe, hannuna ya kasa riƙe rariya. Na durƙusa nan cikin garin tuwo na ce, "Yesu, kai ma wanda kuke cin kwano ɗaya ne ya bashe ka, ka san abin da nika ji. Kai dai kada ka ɓoye mani komai." Ban ji murya ba, ba zan yi maku ƙarya ba. Sai dai zuciyata ta tsaya wuri ɗaya: tashi ki tambaya da bakinki.

Ni da ko kasuwa sai an ja ni, na shiga motar Sakkwato ni kaɗai, kwalin a ƙulle bakin zani. Na ce wa likita, "Ɗiyata, yau da mai jinin za ki yi magana." Ta jawo kujera, na gaya mata tun da aka kawo maganin cikin kwalla na rufe shi, ta yi mani bayani da Hausa. Ta ce irin tawa ana riƙe ta da ƙwaya kullum, zan iya jin tashin zuciya, kuma dole in riƙa zuwa gwajin jini. Na ce, "Zan kai Kirsimeti?" Ta ce, "Mama, ni ba Allah ba ce. Amma maganin nan ba ya aiki daga cikin kwalla."

Na yi dariya da hawaye. Nan gabanta na haɗiye ta farko da ruwan leda.

Ban ce maku na warke ba. Ciwon yana nan, ina shan magani, wata rana tuwo ma ba ya shiga. Abin da Ubangiji ya cire mani shi ne tsoron nan. Haleluya!

Saratu ta kawo mani nata yadin tana kuka. Bakina ya ce na yafe, zuciyata tana tafe a baya, ku taya ni addu'a. Atamfar na nan, ban ɗinka ba.

Ina roƙonku, kada ku ɓoye wa mutum ciwonshi ku raba wa gari. Wanda kuma aka ba magani, ya dogara ga Yesu ya buɗe baki ya sha.

Ku dube ni. Duk matan majami'ar nan ni kaɗai ce cikin tsohon zani. Amma yau Kirsimeti, kuma ga ni tsaye. Na gode wa Yesu!