Kujera Mai Ƙafa Uku

Mai girma shugaban taro, shugabar makaranta, malamai maza da mata, iyayen yara, tsofaffin ɗalibai da kuka taso daga nesa, da ku jikokina na layin baya masu jiran a tashi: assalamu alaikum.

Na gode wa Allah da ya nuna mini wannan rana. Na gode wa kwamiti da ya ba kafintan makaranta minti biyar a taron sallamar Malamar adabi. Ni dai ban iya duba agogo ba, wanda ya gaji ya gyara zama.

Shekarar da iska ta yaye rufin ajin ƙarshe ta jefar da kwanon a filin ƙwallo, a shekarar Malama ta zo, yau shekara talatin da ɗaya. Da ta rasa aji, sai ta zube ɗalibanta a ƙofar ɗakin aikina, ina yankan katako tana karanta musu littafi. Rana ta uku na ajiye zarto na ce, "Malama, wai mutumin nan ya koma gida kuwa?" Yara suka tuntsire da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Daga yau duk wanda ya gama babi ya zo ya ba Baba labari. In Baba bai gane ba, ba ku karanta ba."

Wannan ce magana ta farko. Ban taɓa zama a aji ba, fensirina ma a bayan kunne yake, amma littafi arba'in da biyu ne a kaina, kuma da bakin 'ya'yanku suka shiga. Ba a yi mini ha'inci. Shugaban taro, kai ne ka kashe mini uwar jarumi a babi na huɗu, alhali baiwar Allah tana nan da ranta har ƙarshen littafi. Na kore ka ka je ka sake karantawa. Ga shi yau kai ke riƙe da taro.

Magana ta biyu, zaman shawara na ranar Laraba. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Malama ta ce yaro ba ya buɗe baki ana kallon fuskarsa, a ba hannunsa aiki tukuna. Sai ta zauna gefensa a ɗakin nan nawa, ita da takardar goge katako, shi da tasa, ni kuwa in ja musu ƙofa in koma gindin bishiya. Akwai wata yarinya da ake kira Shiru, ta ba ni izinin faɗa. Ba ta taɓa kuskure a labari ba, sai dai na lura idonta ba ya tafiya a kan takarda. Na ce, "Malama, wannan irina ce, da kunne take karatu." Laraba uku tana gugar katako. A ta huɗu ta ce, "Ba na ganin rubutu." Shekara biyu tana ɓoyewa don kada a cire ta daga makaranta. Ga ta can da tabarau, ita ce za ta gaji ajin Malama.

Magana ta uku, zan tona kaina. An sha kai ƙarata wai gyarana ba ya ƙarko, wai a kowane aji akwai kujera guda da ƙafarta ke fita. Gaskiya ne. Ni ne ban sa mata gam ba, ni ne ban buga mata ƙusa ba, kuma da gangan. Yaron da abu ya dame shi ba zai ɗaga hannu ya ce yana son ganin Malama ba. Amma zai zare ƙafar kujera ya ce, "Zan kai wa Baba gyara," ya ratsa fili da ita a ka, ba mai tambayarsa, ya tarar da Malama a ɗakina. Yara duk sun sani, ku manya ne ba ku sani ba, ko kuwa kun manta. Shekara talatin ana ce mini kafintan banza, na haɗiye, kuma da alfahari na haɗiye.

To, an gina sabon ofishin shawara mai ƙofar gilashi, jikin ofishin shugabar makaranta, an ce ranar Asabar za a rushe ɗakina. Ofishin ya yi kyau, ban musa ba. Amma tun da aka buɗe shi nake ƙirgawa: yaro uku suka shiga, biyu ma aiken su aka yi. Wa zai kai kukansa inda duk mai wucewa ke leƙensa? Wani zai ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Na ji daɗin bana. Ba don kaina nake roƙo ba, ni zartona ya kusa hutawa. Don na layin bayan can nake roƙo. Shugaban taro, ban san abin da ka faɗa wa Malama ba, ban kuma taɓa tambaya ba, amma na san sau biyu ka ɗauko kujerar nan.

Allah ya saka wa Malama da alheri, ya ba ta hutu mai albarka. Allah ya riƙa wa magajiyarta. Allah ya raya mana yaran nan, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Gobe Laraba ce. Da sassafe zan buɗe ɗakin, in share, in ajiye takardar guga biyu, sannan in bi aji aji in tabbatar ƙafar nan tana fita. Wanda zai rushe ranar Asabar, a ciki zai same ni.

Na gode.