Cikin Baban Rahila a Shekarar Dusa

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don maganar ciki da bayan gida ce, ina tsoron kada ta zama rashin ladabi a gaban jama'ar Allah. Matar fasto ce ta ce, “Saratu, wa ya halicci hanjin? Rubuta!”

A shekarar farin da aka yi rabon jar dawa, muna wani ƙauye kusa da Garagumsa. Maigidana, Baban Rahila, ya riƙa bar wa yara ɗan tuwon da ya samu, shi kuma ya ci dusa gaya, ga ruwa ya yi wuya. In na yi magana sai ya ce, “Cikin manomi ba abin da ba ya niƙawa.”

Ashe bai niƙa ba. Bayan gida ya tsaya. Ciki ya kumbura ya yi tauri kamar tulu. Na jiƙa masa kanwa yadda muka saba, ya amayar, ciwon ya ƙaru. Wayyo, na tsorata!

Wani mai kamiyo, wato babbar motar kaya, Musulmi, da ya sauke buhunan taimako, ya kwashe mu zuwa asibitin Damagaram.

Lokotoro, wato likita, ya kara kunne a kan cikin maigidana, ya ce, “Madam, hanji hanya ɗaya ce daga baki har ƙasa. Dusa ta cushe ta. Ina tsoron yanka shi, ba jini a jikinsa. Za mu sa masa ruwa, mu yi masa famfo ta dubura. In iska ta fita, hanya ta buɗe. In ba ta fita ba...” Bai ƙarasa ba.

Na durƙusa gefen gado. Kunya ta kama ni: a roƙi Ubangiji irin wannan? Na ce, “Yesu, ka gafarta mini, ban san wata kalma mai tsabta ba. Ka buɗe hanyar.”

Shiru. Leɓɓan Baban Rahila sun bushe. La'asar ta yi.

Sai ga ƙara, ɗakin duka ya ji! Wani tsoho a gadon kusa ya ce, “Barka, Malam!” Ni kuwa kuka nake, ina Halleluya.

Yau Baban Rahila yana gona. Godiya ga Yesu! Ku dogara gare shi, ba roƙon da yake ƙyama.

Abu ɗaya ke damuna. A ruɗe na sauka, ban ce wa mai kamiyon nan ko sannu ba. Dogo ne, mai tsagen Barebari, ya ce gidansu na unguwar Birni, a Damagaram. Wanda ya san shi, don Allah ya sanar da fastonmu.