Robar da Aka Ɗaure wa Injin Ciyawa

Tunkiyar Inna aka sayar aka yi mini kuɗin mota zuwa Ikko. Ku matso, ku rage murya. Hanne, saki labulen nan. Ke ma nake so ki ji, tunda kin ce sai kin bi Gwaggo Asabe in ta zo ɗiban 'yan aiki.

Gidan da ta kai ni, ciyawa suke shukawa a tsakar gida. Ba ta akuya ba fa, ta kallo! Har aski ake mata da wani inji mai taya huɗu, wai shi lammowa. Akwai wuƙa tana juyawa a ƙarƙashinsa, ba a ganinta. A mariƙinsa kuma akwai wani siririn ƙarfe, sai ka matse shi injin yake aiki. Kana saki, ya mutu.

Baba Idi mai kula da ciyawar, mutumin Soba ne, shi ya nuna mini wata 'yar waya da ta sauka daga ƙarfen. Ya ce in an saki, wayar tana taɓa jikin injin, wutar fulogi ta zurare, wuƙa ta tsaya. "Kamar a kifa wa fitila kwano, 'yata. Don hannun mutum aka yi shi."

Matar gidan Bahaushiya ce fa, amma sai an ce mata Madam. Ta sallami Baba Idi, wai ya tsufa, aikin ya dawo kaina. Ni kuwa igiyar tayar da injin ta fi ƙarfina. In ja, in ja, sai tari yake.

Rannan Madam ta ce, "Me ya sa yake ta mutuwa?"

"Madam, in na duƙa cire dutse ne."

"To ɗaure shi mana, 'yar ƙauye! Baƙi na tafe."

Birnin Zariya ne wai ƙauye. Ita da kanta ta samo robar tayar keke ta naɗe ƙarfen tam.

An yi ruwa ranar. Jiƙaƙƙiyar ciyawa ta toshe bakin da injin ke tofarwa. Na saki mariƙi na duƙa in zaro ta, hannuna ya riga tunanina. Ai na saba, in na saki ya mutu.

Ban ji zafi ba da farko. Ciyawar kawai na ga ta yi ja.

A hanyar asibiti Madam ta ce in ce ƙofar mota ce. Gwaggo ma ta ce in na buɗe baki, ba gidan da zai ƙara karɓar yaran unguwarmu, kowa ni zai zaga. Haka aka sauke ni a Ƙofar Doka, hannu cikin mayafi. Har yau ƙofar mota Inna ta sani, kuma kar in ji maganar nan a waje, don Allah.

Hanne, miƙo hannunki. A'a, wannan hannun nawa za ki kama, na daman. Kar ki kau da kai. Taɓa nan, inda wuƙar ta ci.

To. In Gwaggo ta aiko, ke za ki ba ta amsa. Ni ban ce komai ba.